Faifan C ya yi ja: yadda ake nema wa laftof fili ba tare da an yi asarar fayil ba

Saura sati biyu ƙanwata ta miƙa furojet ɗinta, sai ga ta da laftof a hannu, ido ya raina fata. Word ya ƙi ajiye gyaran da malaminta ya ba ta, kwamfutar sai kukan ba wuri take. Kafin ta zo ta kwana tana goge takardun karatu na shekarun baya, sama da ɗari biyu, tana gogewa zuciyarta na ciwo, amma jan layin da ke nuna faifan C, babbar ma'ajiyar laftof ɗin, ya cika ko gezau. "Yaya, wallahi na share komai," in ji ta. Ba mu yi minti biyar ba muka kama ɓarawon. Bidiyon bikin ƙawarta ne, tun daga kamu har buɗar kai, an kwafe shi sau uku a folda uku. Shi kaɗai ya haɗiye giga 40 da ɗoriya. Takardun da ta salwantar kuwa duka-duka ba su cika giga ɗaya ba.

Kusan kowa haka yake yi. Abin da ido ya gani da yawa shi ake gogewa, alhali ba yawan fayil ke cin fili ba, nauyinsa ne. Takardar Word mai shafi 100, in babu hotuna a ciki, da wuya ta kai mega 2. Minti ɗaya na bidiyon 4K da aka ɗauka da waya kuwa yakan kai mega 400. Saboda haka a fara awo, sannan a zo kan gogewa. Matakan da ke ƙasa na Windows 10 ne da Windows 11, na jero su daga wanda ba shi da haɗari zuwa wanda sai an yi taka-tsantsan. Sunayen wuraren da za a danna na bar su yadda suke fitowa a allo, don kada a yi ta lalube.

San girman rumbunka tukuna

Danne maɓallin Windows tare da E, ka zaɓi "This PC" a gefen hagu. Za ka ga faifan C da layi a ƙarƙashinsa. Layin yana rikiɗewa ja ne idan abin da ya rage bai kai kashi 10 cikin 100 ba.

Kada ka ce mai shago ya cuce ka don ka ga 238 a laftof ɗin da aka sayar maka a matsayin mai giga 256. Masu ƙera faifai da 1,000 suke lissafi, Windows kuma da 1,024. Shi ya sa mai 128 ke nuna 119, mai 500 ya nuna 465, mai tera ɗaya ya nuna 931. Ba wanda ya ci maka komai.

Duba kuma ko akwai faifan D. Masu gyara da yawa in za su ɗora Windows sukan raba faifan biyu, su ba C ɗan kaɗan, su bar sauran a D. Sai ka tarar C ya cika maƙil, D kuwa kango ne, ko ƙuda ba ya gilmawa. In haka naka yake, rabin aikinka ya ƙare, kaya kawai za ka matsar, zan zo kansa.

Yanzu danne Windows tare da I, shiga "System", sannan "Storage". Ka ba shi ɗan lokaci ya ƙirga. Zai kasa maka abin da ke cikin faifan kashi-kashi: manhajoji, fayilolin wucin gadi, bidiyo, takardu. "Show more categories" zai fito da sauran. Wannan hoton gaba ɗaya ne, ba zai nuna maka ainihin mai laifin ba. Don haka nake amfani da WizTree, ƙaramar manhaja da ake sauke wa kyauta don amfanin kai. Cikin 'yan daƙiƙoƙi take jero folda daga mafi nauyi zuwa mafi sauƙi, ta kuma zana kowane fayil kamar fili a taswirar unguwa, babba da girmansa. WinDirStat ma aikinta ke nan, sai dai na fi sabawa da ta farkon. In ba ka da data ko ba ka son saka sabon abu, buɗe faifan C, a akwatin bincike na sama ka rubuta:

size:>500MB

Zai ɗauki lokaci, amma zai zaƙulo duk fayil ɗin da ya wuce mega 500. Kallo kawai za ka yi yanzu. Kada ka goge komai tukuna, musamman abin da ba ka gane sunansa ba.

Sharar da Windows ya tara da kansa

A shafin "Storage" ɗin nan, danna "Temporary files". Jerin abubuwa zai fito, kowanne da akwatinsa. Waɗanda Windows ya riga ya sa wa alama, ka bar su da alamarsu, ba abin da za ka rasa. "Windows Update Cleanup" ragowar tsofaffin sabuntawa ne. "Delivery Optimization Files" guntayen sabuntawa ne da kwamfutarka ke riƙewa don ta raba wa wasu. "Thumbnails" ƙananan hotunan da kake gani a kan fayil ne, za su sake fitowa da kansu.

Akwati biyu ne za ka tsaya a kansu. Na farko "Downloads". Windows ya saka shi a jerin shara, amma a wurin yawancinmu nan ne taskar gida: takardar shaidar kammala karatu, rasit ɗin kuɗin makaranta, silif ɗin NIN, duk suna can tun ranar da aka sauke su. Ka sa masa alama ka danna "Remove files", sun tafi, kuma kada ka sa ran tarar da su a kwandon shara. Bar akwatin nan fayau. Na biyu "Recycle Bin", wato kwandon sharar kansa. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne, fayil ɗin da ka goge yana nan yana cin filinsa cif har sai ka zubar da kwandon. Buɗe shi ka leƙa tukuna, sannan ka zubar.

In kwanan nan aka ɗaga kwamfutar daga Windows 10 zuwa 11, ko aka yi wata babbar sabuntawa, za ka ga "Previous Windows installation(s)". Ita ce foldar Windows.old, tsohon Windows ɗinka ne aka jingine ko za ka so komawa. Takan yi nauyi ƙwarai, sau da yawa ta fi duk sauran sharar a haɗe. Windows kan share ta da kansa bayan kwana 10. In sabon yana aiki lafiya, sauti na fita, Wi-Fi na kamawa, firinta na bugawa, cire ta daga nan. Kada ka bi ta cikin faifan C ka ce za ka goge da hannu, rabi za ta gogu ta bar maka rabi.

Ka jona caja kafin ka fara, ka kuma tabbata batirin zai riƙe in an ɗauke wuta. Share ragowar sabuntawa yakan daɗe, wani lokaci ka ga kamar ya tsaya cak. Ƙyale shi.

Sai foldar wucin gadi ta manhajoji. Windows tare da R, rubuta %temp%, danna Enter. Zaɓi duka da Ctrl da A, ka goge. Wanda ya ƙi goguwa ana amfani da shi ne, danna "Skip". Daga nan ka kunna "Storage Sense" don ya riƙa wannan sharar ba sai ka tuna ba. Shiga saitinsa ka tabbata wurin da ya shafi "Downloads" yana kan "Never". Ka kuma sani yana zubar da abin da ya kwana 30 a kwandon shara, saboda masu mayar da kwandon wurin ajiya, kuma na san suna da yawa.

Inda giwar take

Duk abin da muka yi a sama share tsakar gida ne. Kayan da suka cika ɗakin naka ne, kai ka shigo da su. Koma kan jerin da WizTree ta ba ka, ka buɗe foldar Users, sannan mai sunanka.

Bidiyo za ka fara gani. Fina-finan da aka turo maka a shagon masu turi, fassarar Indiya, shiri mai dogon zango kashi 60 wanda ka gama kallo tun bara, wasannin ƙwallo. Tambaya ɗaya za ka yi wa kowanne: in na goge, zan iya sake samunsa? Fim ana sake samu a bakin titi. Bidiyon sunan ɗanka ko muryar mahaifinka da ya rasu ba a sake samu. Na farkon a goge ba tausayi. Na biyun ba a taɓa shi sai an yi masa kwafi a wani wuri.

Sai 'yan biyu. Duk sanda waya ta cika, sai a jona ta a juye foldar hotunanta, DCIM, gaba ɗaya a kan Desktop, a sa mata suna "waya". Bayan wata huɗu a sake, "waya sabo". Bayan shekara "waya sabo 2". Hotuna ɗaya ne ake ta maimaitawa, har da bidiyon barka da Juma'a na kowane zauren WhatsApp. Buɗe su gefe da gefe, ka jera da girma, ka haɗe su wuri guda. Akwai manhajojin farautar 'yan biyu, irin su dupeGuru, amma kada ka sakar mata wuƙa da nama. Ta nuna maka, kai ka zaɓa, kuma a foldar hotuna da bidiyonka kaɗai, ban da foldar Windows.

A cikin Downloads, jera fayiloli da girma ta danna kan "Size". Duk fayil ɗin saka manhaja da ka riga ka saka, mai ƙarewa da exe ko msi, ya gama aikinsa. Haka zip ko rar da ka riga ka warware, kaya ɗaya ne ka riƙe sau biyu. Haka fayil ɗin iso na Windows ko Office da injiniya ya bari, kowanne giga da yawa. Ga wani hanzari: data ba araha ba, in babbar manhaja ce da za ka sake buƙata, matsar da ita filash maimakon gogewa.

Akwai kuma maɓoya da sai wanda ya sani, gwargwadon sana'ar mutum. Mai amfani da IDM, manhajar sauke kaya daga intanet, ya sani duk abin da ya fara saukewa bai ƙarasa ba yana nan a jibge. Windows da R, rubuta %appdata%, shiga IDM, sannan DwnlData. Telegram na kwamfuta yana zuba kayansa a foldar "Telegram Desktop" cikin Downloads, kuma in ba ka hana shi ba, da kansa yake sauke hotuna da fayilolin zaure. Mai iPhone da ya taɓa yi mata ajiya ta iTunes ya nemi foldar MobileSync, a ciki akwai Backup, takan kusa kai nauyin abin da ke wayar. Masu zanen katin biki da fosta da CorelDRAW, duk sanda kuka adana aiki yana barin wani kwafin mai fara wa da "Backup_of", ku bincika sunan ku ga yawansu. Masu tace bidiyo da Premiere Pro ko CapCut, a cikin saitin manhajar akwai inda ake share abin da suke kira "cache". Daga can za a share, kuma bayan an miƙa wa mai aiki aikinsa.

In laftof ɗin na hannu ne, duba foldar Users ko akwai sunan da ba naka ba. Tsohon mai ita ne ya tafi ya bar kayansa. A "Settings", shiga "Accounts", ka nemi "Other users", ka cire shi daga nan, komai nasa zai bi shi. Ba sai ka buɗe hotunan mutane ba, ba naka ba ne.

Bidiyon da ba ka iya rabuwa da shi kuma ya yi nauyi, HandBrake na matse shi, kyauta ce. Zaɓi saitin 1080p ko 720p, ka bar ta ta yi. Bidiyon da mai ɗaukar biki ya ba ka yakan ragu sosai ba tare da ido ya ga bambanci a allon laftof ba. Aikin na cin lokaci da batir, a yi shi sanda akwai wuta. Ka kalli sabon daga farko, tsakiya da ƙarshe kafin ka rabu da na asali.

Manhajoji

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. "Settings", "Apps", sannan "Installed apps", ko "Apps & features" a Windows 10. Jera su da girma. Wasannin kwamfuta ne kan zo a sama, guda ɗaya na iya cin giga 50 ko fiye. Cire su ta "Uninstall". Goge tambarinsu a Desktop ba ya cire komai. In ka ga riga-kafin bairos biyu ko uku, guda ya isa, kuma Windows na da nasa a ciki. Abin da ke ɗauke da sunan Intel, AMD, NVIDIA, Realtek ko "Microsoft Visual C++", bar shi ko da ka gan shi sau takwas, wasu manhajojin a kansa suke tsaye.

Manhajojin nan masu alkawarin "tsabtace" kwamfuta da danna ɗaya, ni ba na saka su. Abin da suke sharewa shi ne wanda ka riga ka share da hannunka a sama, sauran talla ce.

Manyan fayilolin da ba naka ba

A saman jerin WizTree za ka ga wasu ƙattai biyu, pagefile.sys da hiberfil.sys. Na farkon wurin da Windows ke sauke kaya ne idan RAM, wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin, ta cika. A bar kaza cikin gashinta, musamman a laftof mai RAM giga 4 ko 8.

Na biyun shi ne inda kwamfuta ke juye duk aikin da ke buɗe kafin ta yi dogon barci. Girmansa wajen kashi 40 cikin 100 na RAM ne, wato giga 3 da 'yan kai a mai RAM 8. Ana kashe shi: nemi "Command Prompt", danna shi da maɓallin dama, zaɓi "Run as administrator", ka rubuta:

powercfg /h off

Nan take filin zai dawo, kuma "on" a madadin "off" ke mayar da shi. Amma ni ba na ba kowa wannan shawarar kai tsaye. Wannan fayil ɗin ne ke ceton aikinka sanda batir ya zo gargara: kwamfutar ta adana komai ta kwanta, in wuta ta dawo ka tarar da shafinka inda ka bar shi. Wanda ke zaune inda wuta ba ta da tabbas, batirinsa kuma ya tsufa, kada garin neman gira ya rasa ido. Giga 3 ba ta kai babi guda na furojet ba.

Wanda ya fi wannan riba shi ne rage wurin da "System Restore" ke ci. Rubuta "Create a restore point" a bincike, zaɓi faifan C, danna "Configure". Akwai ma'auni da ake ja. In ka tarar an sake masa filin da yawa, dawo da shi wajen kashi 5. Kada ka kashe shi ɗungurungum, ranar da wata sabuntawa ta rikita kwamfutar shi za ka nema.

Foldar WinSxS da ke cikin Windows takan tsorata mutane da girmanta. Girman da take nunawa ya fi na gaskiya, domin fayiloli da yawa ana ƙirga su sau biyu ne. Wanda ya sa mata hannu ya goge, Windows ɗinsa ya rushe. Ga hanyar rage ta ba tare da ɓarna ba, a baƙin allon "Command Prompt" na ɗazu ka rubuta:

Dism /Online /Cleanup-Image /StartComponentCleanup

Ban da wannan, duk abin da ke cikin Windows, System32 da Program Files ba wurin sa hannu ba ne.

Matsar da kaya

Mai faifan D, ga naka. Buɗe sabuwar folda a D, ka sa mata suna. Danna foldar Downloads da maɓallin dama, "Properties", "Location", "Move", ka nuna mata sabuwar foldar, ka amince a kwashe kayan. Haka za ka yi wa Videos da Pictures, kowacce da foldarta. Kada ka nuna mata D tsurarsa ba folda, warware wannan rikicin akwai ciwon kai. Ka sani kuma, in C da D rabon faifai ɗaya ne, ranar da ya mutu tare za su tafi. Ka sami fili, amma ba ka sami madogara ba.

Madogara ita ce faifan waje. Yadda ake yi: kwafa, buɗe wasu daga cikin fayilolin a can ka ga suna aiki, gwada girman foldar biyu ta "Properties", sannan ka goge na laftof. Kada ka yi "Cut", in wayar USB ta motsa ko wuta ta ɗauke a tsakiya sai ka rasa gane me ya tafi me ya rage. Abin da ba a sake samu kuma ya zauna wuri biyu. Faifan waje mai juyawa faɗuwa ɗaya daga kan tebur ta ishe shi.

Filash kuwa, araha ba ta ado. Akwai na jabu da ke nuna giga 128 ko tera ɗaya alhali cikinsa bai wuce 8 ba. Zai karɓi kaya kamar gaske, ranar buɗewa ka tarar da fanko. H2testw na tona asirinsa, a gwada kafin a zuba masa amana. In kuma filash na gaske ya ƙi karɓar fayil da ya wuce giga 4, tsarin FAT32 ne a kansa. Kwashe abin da ke ciki, ka yi masa fomatin zuwa exFAT.

Ajiyar intanet ta dace da takardu. Google na ba da giga 15 kyauta, amma da Gmail da Google Photos ake raba ta. OneDrive giga 5 ne. Duk gigar da ka ɗora datarka ce ta tafi, in za ka sauke ma haka, shi ya sa ban ga hikimar kai fina-finai can ba. Mai OneDrive ya kula da wannan: danna fayil da maɓallin dama ka zaɓi "Free up space" shi ke cire shi daga laftof ya bar shi a intanet, alamar gajimare ta fito a gefensa. Amma in ka goge shi gogewa, can ma ya gogu. Kuma mai alamar gajimare ba ya buɗuwa sai da intanet, kada ka yi wa takardar da za ka gabatar gobe haka.

In faifan ne ya yi kaɗan

Wani lokaci ba shara ba ce. Windows 11 giga 64 yake nema mafi ƙaranci, kuma Windows kan keɓe wa kansa wajen giga 7 don sabuntawa. Ƙara Office da birauza, mai 128 ya riga ya rasa kaso mai tsoka kafin ya ajiye hoton farko. In ka bi duk matakan nan, bayan wata guda layin ya sake ja, lokacin sauya faifai ya yi.

Kafin ka nufi kasuwa, san irin naka. Ctrl, Shift da Esc, shiga "Performance", danna "Disk", zai nuna SSD ne ko HDD, wato mai juyawa, da lambar samfurinsa. Akwai mai inci 2.5, akwai siririn M.2, shi ma iri biyu ne, SATA da NVMe, kuma ba kowace laftof ke karɓar duka biyun ba. Ƙananan laftof masu giga 32 ko 64, irin su HP Stream, ma'ajiyarsu eMMC ce, a like take da allon injin, ba ta sauyuwa. Mai irin wannan ya sa katin memori ya mayar da kayansa can. Tsofaffi masu wurin DVD kuwa ana zare shi a sa faifai na biyu a gurbinsa.

Ranar kai wa injiniya, ka riga ka kwafe kayanka a gida, ba a fafe gora ranar tafiya. Duba ko faifan a kulle yake da BitLocker, in haka ne ka rubuta lambar buɗewarsa mai lamba 48 a takarda, galibi tana cikin asusunka na Microsoft. Ka faɗa masa a fili ko kwafin tsohon faifan kake so a juye a sabon, ko sabon Windows, kuma kada ya raba maka shi biyu sai in kai ka nema. Tsohon faifan ka karɓo abinka a hannu. Ka saya masa ɗan gida mai wayar USB, ya zama faifan wajenka.